Ƙwallon Zaitun

Litinin da safe a Volos,
jiragen ruwa na kuka a tasha,
ni kuwa ina durƙushe a kicin
gaban injin wanke kwanoni
kamar mai neman gafara.

Ya yi wankinsa daren jiya, ya ƙi zubar da ruwan.
Ga shi nan kwance a ƙasan ciki,
toka-toka, maiƙo na yawo a kansa,
ganyen na'a-na'a guda yana iyo
bai san an tashi daga walima ba.

Evanthia ta ce a kira Thanasis mai gyara.
Na ce Thanasis sai Alhamis,
kuma Yuro sittin kafin ya ajiye jaka.
Ta ce, "To, Lefteris, cire fulogi tukuna,
ba ni da baƙar rigar takaba mai kyau."

Na cire.
Na shimfiɗa tsohon tawul,
na kwashe ruwan da kofin gahawa,
ƙaramin nan mai tsagaggen baki.
Kofi arba'in da bakwai, na ƙirga,
ragowar soso ya shanye.
Ruwa ba ya tsami banza,
wannan kuwa har da wari.

Na murɗa matacin hagu, ya fito
ɗauke da labarin jiya kaf:
ƙayar kifi, 'ya'yan lemun tsami,
takardar jikin kwalbar zuma da ta narke,
rabin tsinken sakace.
Mu goma sha ɗaya muka zauna a tebur,
kowa ya bar mini sa hannunsa.

Na goge shi da tsohon buroshin haƙori,
na mayar, na zuba ruwan gwaji, na kunna.
Ya yi gurnani can cikin maƙogwaro,
ya yi shiru.
Ruwan na nan yana kallona.

Na sake cire fulogi.
Na kutsa kai ƙarƙashin wurin wanke-wanke,
na kwance tiyo, na busa, ba komai
sai ɗacin sabulu a leɓena
da ƙullutu a ƙeya.
Gwiwoyina suka fara tuna mini shekaruna.

Saura famfo.
Da gindin cokali na ɓanɓare murfinsa,
tocila a baki, yawu na zuba,
na cusa yatsa cikin ramin sanyi
har na taɓo farfela.
Ta ƙi juyawa.
Wani abu mai santsi ya tokare ta,
ƙanƙane, mai taurin kai.

"Ba ni hantsakinki na gira."
Ta ba ni, tana mita.
Sau uku yana kuɓucewa,
na huɗu ya biyo ni waje.

Ƙwallon zaitun.
Tas, ba ko ɗigon tsoka a jikinsa.

Mutum ɗaya ne a gidan nan ke tsotse shi haka,
ya ɓoye ƙarƙashin ɓawon burodi
tun yana shekara huɗu.
Orestis.
Yanzu yana cikin bas, ya wuce Larissa,
akwati biyu, takardar aiki a Stuttgart,
da cukun da uwarsa ta cusa masa cikin safa.

Na mayar da murfi, na mayar da mataci,
na kunna.
Ya ja numfashi, ya yi tari,
sai bututu ya fara haɗiya, ƙwat, ƙwat,
kamar mai ƙishi ya sami randa.

Na miƙa hannu wajen kwandon shara.
Ta riƙe ni.

Na ce, "An jiƙa shi a gishiri wata shida,
ya kwana a ruwan zafi da sabulu.
Ba zai tsiro ba."
Ta ce, "Na sani."
Ta ɗauko robar kindirmo, ta cika da ƙasa,
ta danna shi da babban yatsa,
ta ajiye a bakin taga, wajen rana.

Sannan, ba ta juyo ba:
"Ka goge ƙasan nan kafin wani ya zame."